Sunan Ɗan Fari A Daftarin Mahkama

Shafi na 19

Labarin Hajja Baraka ta unguwar Mansur, da bakinta

Kun ishe ni da tambaya, wai me aka karanta mini a daftari. To yau za ku ji. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi tun yanzu, don ba zan sassauta magana ba. Ni ma ba a sassauta mini ba.

Ranar da nake ba ku labari, wata bakwai ke nan cif da askar, 'yan sandan garin, suka kama ɗana Tsoho a bakin bazan, wurin da yake ɗiban ruwa da garwa biyu a sanda yana kai wa gidajen Makka. Faɗan layi aka yi. Wani ya lotsa masa garwa, shi kuma ya fasa wa mutumin baki da hannun hagu, don bahago ne, hannun kuma da nauyi. Abin da ake kwana goma a kansa a sako mutum. Nawa wata bakwai, ba shi ba dalilinsa.

Ƙofar kurkuku na je ta fi sau ashirin. Wurin askar na je har mai gadi ya san tarina. Amsa ɗaya ce ko'ina: ma fi. Babu. Kuma duk inda na je da bakin Hashimu nake magana, don ni Larabcina na kasuwa ne, bai wuce "nawa" da "rage mini" ba. Hashimu shi ne tafintan mutanenmu a gaban hukuma. Tare muka taso daga Kazaure a ƙasa. Shi ya kama ƙafafun maigidana aka sa shi a kabari a ƙasar Sudan. Mutumin da ya yi maka wannan in ya ce maka babu, ai babu ne.

Shi ne ma ya samo mini daka a gidan Sidi Sirhan bayan yaron ya ɓace, wai kada tunani da yunwa su haɗu su kashe ni. Shekarun yaƙin Turawa ne, alkama ta yi wuya a gari. Kullum in je in daka musu, in jingine taɓaryata bayan turmi in dawo. In an kawo kwandunan dabino daga gonarsa ta bayan gari ni ake kira in kwance, don ƙullin igiyar a juye yake zuwa, ya gagari matan gidan. A ba ni cikin tafi ɗaya. In ci, in sa wa Hashimu albarka.

Maƙwabciyata Maryama ce ta buɗe mini ido. Ta daɗe tana wanki a gidajen manya, kunnenta ya kwashi abubuwa.

"Baraka, daftari uku ne," in ji ta. "Na askar, na kurkuku, da na mahkama. Biyun farko ana iya ce miki an duba ba a duba ba. Na mahkama kuwa, ko gobara ta tashi shi ake fara fitarwa. Ki je a buɗe shi a gabanki."

Da hantsin Alhamis na tsaya ƙofar Hashimu. Ya fito cikin farar riga irin ta 'yan gari, wadda ya fara sawa tun da ya sami takardar zama ɗan ƙasa, wata huɗu da suka wuce.

"Yaya Baraka, lafiya dai?"

"Mahkama za ka kai ni."

"Mahkama kuma? Ai ba wurin mata ba ne."

"Kurkuku ma ba wurin ɗana ba ne."

"Na gaya miki na bincika can. Babu."

"To mu je in ji babun da kunnena."

"Yau Alhamis, da wuri suke tashi. Ki bari sai Asabar."

"Hashimu, ko ka wuce gaba, ko in kwance zanen nan in naɗa a ka a ƙofar gidanka, matarka da maƙwabta su sha kallo. Zaɓi ɗaya."

Ya san halina. Ya sa takalmi.

Ɗakin daftari yana can ƙasan mahkama, sai ka sauka matakala biyar. Littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, na ƙasan duk sun kumbura sun yi baƙi tun ruwan Laraba, wanda ya shiga har cikin Harami shekara uku baya. Mai tsaron wurin wani katibi ne, wato magatakarda, baƙi mai furfura, da tabarau ɗaure da zare, shigarsa da maganarsa duk na mutanen Makka.

Hashimu ya yi masa Larabci. Cikin maganar na tsinci "Tsoho."

Katibin ya ɗago ya dube ni. Ya yi wata doguwar tambaya. Hashimu ya ba shi gajeriyar amsa, ya taɓa gefen kansa da yatsa, ya yi ɗan murmushi. Sannan ya juyo.

"Kin ji ko? Ya ce babu. Mu tafi."

"Duk doguwar maganar nan babu ce?"

"Haka Larabci yake, Yaya."

Na dubi littattafan nan. Na ce duk wannan tulin, a ce babu layi ɗaya na mutumin da aka kama da rana tsaka a gaban jama'a? Sai na koma bakin ƙofa na zauna dirshan a kan dokin ƙofar, na miƙe ƙafa.

"Ba inda za ni. Allah wadaran takardar da ke cin mutum ba ta yi gyatsa. Kai kuma mai tabarau, da ka san zafin haihuwa da ka ɗaga ko littafi ɗaya ka yi mini ƙaryar dubawa. Tir da furfurar da ba ta da tausayi."

Na faɗa ne don na san ba ya ji.

Katibin ya ajiye alƙalami.

"Inna, ni ban ce babu ba."

Da Hausa. Hausa tsohuwa, a karye, kamar wadda aka ninke aka sa a adaka shekara talatin. Na ga Hashimu ya dafa bango.

"Kai Bahaushe ne?"

"Nan aka haife ni. Uwata 'yar Gobir ce. Sunana Yunus." Ya gyara tabarau. "Abin da na ce, Tsoho ba suna ba ne. Ba a rubuta shi a daftari. Na ce a ba ni sunan yanka. Shi kuma ya ce mini ke majnuna ce, ba ki san abin da kike nema ba."

Na juya.

"Ni ce mahaukaciyar, Hashimu?"

"Yaya, bai fahimce ni ba ne."

"Wata bakwai. Duk inda muka je, wane suna kake ba su?"

"Wanda kike faɗa."

"Wanda nake faɗa. To yanzu faɗa masa na yankan."

"Wallahi ya shige mini. Ni Tsoho na sani tun tasowa."

"Kai da ka riƙe igiyar ragon sunansa? Kai da aka ba ƙafa da kunne ka gudu bayan rumbu?"

Ya kawar da kai.

Ku 'yan yanzu da kuke kiran 'ya'yanku na fari gatsal kamar kuna kiran akuya, ba za ku gane ba. Tsoho ɗan farina ne. Kuma sunan surukina aka sa masa, uban maigidana. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Ana yaye shi ƙanwar ubansa Hadijatu ta ɗauke shi, ita ta goya shi, ita ta zo da shi har Makka, ita yake ce wa Inna har ta mutu. Ni ko kallonsa ba na yi a gaban mutane. In zan ba shi tuwo sai in ajiye in ce wa bango, ga abinci nan in da mai ci. Shekara talatin da biyu sunan nan bai taɓa hawa harshena ba, ko a cikin addu'a. Allah Ya san wanda nake nufi.

Katibi Yunus ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan fari ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ni ma haka. Uwata har ta rasu 'kai wannan' take ce mini." Ya ɗauki alƙalaminsa. "Amma Inna, daftari ba ya jin kunya. In ba suna, ba zan iya buɗewa ba."

"Ba za a aika a kirawo wata daga unguwa ta faɗa ba?"

"Ana kiran azahar zan rufe. Gobe Juma'a."

Na dubi Hashimu ko zai ji tausayina. Yana kallon rufi.

Na ja mayafi na rufe fuskata duka. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Abin da ya fito ko ni ban ji shi ba.

"Ɗaga murya, Inna."

"Mukhtaru."

Na jira ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

"Ɗan wa?"

Sunan mijin fari kuma. Na ce a raina, wanda ya riga ya faɗa rijiya ba ya gudun yayyafi.

"Awwalu."

Ya tashi ya ja tsani. Bai duba littafi uku ba ya sauko da ɗaya mai jar fata, ya hure ƙura, ya bi layi da yatsa. Abin da aka ce mini babu wata bakwai, bai kai dahuwar shayi ba aka same shi.

"Ga shi. Mukhtar ɗan Awwal, Takruni, wato ɗan Takari, mai ɗiban ruwa."

Hashimu ya yi gyaran murya. "To tunda an samu, bari in leƙa sama wurin wani, in dawo."

"Ka tsallake ni ka wuce," na ce. Ƙafafuna na nan miƙe a ƙofar.

Ya tsaya.

"Ba hannuna ba ne wannan," in ji katibin. "Lokacin ina jinyar ido, wani ya rubuta. Zan karanta in mayar miki yadda yake. Ba zan gyara ba."

"Kada ka gyara."

"Sha ɗaya ga Muharram. An kawo shi a kan faɗa. Alƙali ya yanke kwana goma, sannan a sake shi a hannun wani nasa da zai tsaya masa."

"Kwana goma."

"Kwana goma. An tambaye shi wa yake da shi a Makka. Ya ce uwarsa tana Mansur, sunanta Baraka."

Ban san yaron ya san yadda ake faɗar sunana ba. Na danne bakina da mayafi.

"Sha biyu ga wata. An aiki askar tare da tafinta wurin matar. An tambaye ta ko ita ce uwarsa." Yatsansa ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Karanta mana."

"Matar ta ce: ba ɗana ba ne, ban san shi ba. Ɗan wata ne, ta mutu."

"Ƙarya ne. Wace matar?"

Ya ɗauko littafin ya durƙusa gabana, ya nuna mini wata 'yar takarda da aka liƙa a gefen shafi. Ban san baƙi ko ɗaya ba, amma wannan ba baƙi ba ne. Dangwalen babban yatsa ne, da tsaga a tsakiya, inda wuƙa ta taɓa yanke ni ina fiɗar rago a Mina.

Yatsana ne.

Sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya.

Muna dakan lalle ne a bayan gidan Maryama, mu mata takwas. Ban ma san an kama shi ba, don in alhazai ba su gama watsewa ba can bakin bazan yake kwana. Sai ga Hashimu da askar ɗaya. Ya tsaya a gaban matan nan duka, ya ɗaga murya, ya ce, Yaya Baraka, ana tambaya, ke ce uwar wane? Ya ambaci sunan ƙarara.

Mata suka fara gumtse dariya, suna jiran su ga yadda zan yi.

Na ce, kai Hashimu ba ka da ta ido? Ni ina na ga ɗa? Ban san shi ba. Ɗan Hadijatu ne, ku je maƙabarta ku tambaye ta.

Aka tuntsire. Wata ta ce, Baraka akwai kunya, ta gaji iyayenta. Har daɗi na ji. Askar ya miƙo tawada, Hashimu ya ce ƙidayar rabon burodi ce. Na dangwala, na goge yatsan a zane, na koma dakana.

Duk Bahaushen da ya ji amsar nan ya san i ce. Ko jaririn goye ya sani. Uwa ce kaɗai take musun ɗa haka.

"Akwai saura," in ji katibin.

"Ci gaba."

"An gaya wa fursuna abin da matar ta ce. Ya ce: uwata ce. A wurinmu uwa ba ta amsa ɗan fari a gaban mutane. Ku tambayi kowane Bahaushe." Ya gangara da yatsa layi na gaba. "Alƙali bai ƙi ba. Ya juya ya tambayi Bahaushen da ke gabansa."

"Wa?"

"Tafinta. Tafinta ya rantse bai taɓa jin wannan al'ada ba."

Can sama ana ta jan kujeru.

"Aka mayar da shi kurkuku, tunda ba mai tsaya masa. Wata uku. Sannan wani mutum ya zo ya ce bawan gidansu ne, uban mutumin ya saye shi yana yaro a Sawakin ta ƙasar Sudan, ya gudu. Fursuna ba shi da takardar shigowa. Ba shi da dangi, daftari ya nuna. Mutumin ya kawo shaidu biyu. Na farko baran gidansa. Na biyu..."

"Ba sai ka faɗa ba."

Na ɗago na dubi farar rigar.

"Hashimu."

"Yaya."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya. Dube ni."

Ya dube ni. Na ɗauka zai durƙusa. Wallahi da ya durƙusa da ban san yadda zan yi da shi ba. Sai ya gyara tsayuwa.

"Abin da kika faɗa na fassara. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ga malam nan ya karanta. Akwai kalma ɗaya da ba taki ba?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Aikina abin da aka ce, ba abin da ake nufi ba. Bakinki ne, Baraka. Yatsanki ne."

"Me ya hana ka ja ni gefe ka ce an kama yaron?"

"Me ya hana ki ce ɗanki ne? Shekara nawa muna garin mutane? Kuna nan kuna Kazaure. Hukuma tana tambaya kina wasan kunya don mata su yaba miki."

Wannan ta shige ni, don akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa har yau ban yafe masa ita ba. Da ƙarya zalla ya yi da ta fi sauƙin ɗauka.

"To rantsuwar fa? Uwarka ta taɓa kiran sunan wanku? Ba Ɗanjuma take ce masa ba har aka binne ta?"

Ya dubi ƙasa.

"Sawakin fa? Kai ka ɗauko yaron nan a wuya ka sa shi cikin jirgin ruwa, yana amai a bayanka. Wane Balarabe ne ya saye shi muna tsaye?"

Na nuna farar rigar da yatsa.

"Me aka ba ka?"

"Ba wanda ya ba ni komai."

"A wata na uku aka miƙa shi. Wata huɗu ke nan da walimar takardarka. Ni ban yi karatu ba, Hashimu, amma uku da huɗu na san bakwai ne. Wa ya tsaya maka ka zama ɗan ƙasa?"

Ya sunkuyar da kai.

"'Ya'ya biyar gare ni. Ba wanda ke da takarda a cikinsu. Duk shekara ana kwasar mutane ana zubawa a jirgi. Ke da kina matsayina..."

"Ni na dafa shinkafar walimar nan."

"Baraka..."

"Tukunya uku. Tun asuba. Na yi guɗa a ƙofar gidanka, na ce ɗan'uwanmu ya zama mutum. Ashe kuɗin ɗana nake wa guɗa. Ka ci, ka ce ta yi daɗi, ka ƙara."

Katibi Yunus ya yi masa wata magana da Larabci, a hankali, ban ji ba. Amma na ga fuskar Hashimu ta koma kamar toka. Ya dubi ƙofa. Ya dubi ƙafafuna.

Ya tattare rigarsa ya tsallake ni.

Ni da na girme shi da shekara goma sha. Ni da na raba masa ruwan salkata a jejin Darfur. Na kai hannu na cafki gefen rigar, ta yage, ya bar mini ƙyalle ya haye matakala da gudu.

"Me ka ce masa?"

"Na gaya masa abin da ake yi wa mai shaidar zur."

Na zauna da ƙyallen a hannu. Ban yi kuka ba. Masu jiran in ce na yi kuka su haƙura, idona a bushe yake kamar dutsen Arfa.

"Malam Yunus, abin da aka rubuta ana goge shi?"

"Ba a gogewa. Ana rubuta wani a ƙarƙashinsa."

"Yaya ake yi?"

"Ki tsaya gaban alƙali ranar Asabar. Ki faɗi sunansa, ki ce ke kika haife shi, a gaban kowa. Ki kawo maza biyu da suka san al'adar, su rantse. Ni zan zama ɗaya."

"Kai? Ba za su san kai ɗan Takari ba ne?"

"Sun daɗe da sani. Ni ne nake yi kamar ba su sani ba."

Zai rufe littafin, sai na ga ya karkata kai yana duban gefen shafin, inda aka yi wani ƙaramin rubutu a tsaye. Tawadar ba ta dushe ba kamar sauran.

"Mene ne?"

"Wannan hannun abokin aikina ne. Kwana huɗu ke nan."

"Me ya ce?"

"Mai bawan ya aiko yana son sakki. Takardar hukuncin, mai hatimi."

"Me zai yi da ita? Ba an riga an ba shi mutum ba?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Inna, wanda zai riƙe ba ya neman sakki. Mai saye ne yake cewa sai ya ga takarda."

Na matse ƙyallen a hannuna.

"A kai shi ina?"

"Allahu a'alam. In ya shiga hamada, ba daftarin da zai ƙara nuna shi." Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin tari, ya duba. "An gama rubutawa, hatimi ya rage. Zan iya cewa tawada ta zube a kai, sai an sake. Wannan zai kai mu Asabar. Bayan nan ba ni da iko."

"Wane ne mutumin?"

"Ki bari sai gaban alƙali."

"Na faɗi suna biyu yau da ban taɓa faɗa ba. Kai ka faɗi ɗaya."

"Babban mutum ne, Inna. In kika je masa ke kaɗai..."

"Karanta."

Ya sa yatsa.

"Sirhan. Sidi Sirhan, mai gonar dabino."

Hannuwana na duba.

Ƙullin igiyar nan da ke zuwa a juye. Ƙullin da ya gagari matan gidan, ni kuwa ina taɓawa ya warware. Ƙullin bahago ne. Haka yake ɗaure garwa a sanda tun yana ɗan shekara sha biyu. Wata huɗu ina kwance hannun ɗana, ina cin dabinon da ya hau ya tsinko, ina cewa Allah Ya ƙara wa maigidan nan arziki. Shi ya sa aka samo mini daka a can. Don kullum a san inda nake, a ji wa na gani, a ji ofishin da zan je gobe. Ni kuwa da bakina nake ba uwargidan labari, tana cewa miskina, Allah Ya bayyana.

Na dafa bango na miƙe.

"Inna, ina za ki?"

"Kai a ganinka ina Hashimu ya nufa da gudun nan?"

Ya gane.

"In suka ji an buɗe daftari ba za su jira hatimi ba," na ce. "Yau za su ɗauke shi daga gonar."

"Ki tsaya in rufe, mu je wurin askar tare."

"Je ka. Ka san gidan, yana cikin littafinka."

"Ke fa?"

"Ni taɓaryata zan je ɗauka."

Rana ta take, ƙasa tana cin tafin ƙafa. Ban san na bar takalmina a ɗakin daftari ba sai da na wuce kasuwa. Ban koma ba. Mutane suna kaucewa, don tafe nake ina maimaita sunan a fili, ina koya wa harshena, kamar yarinya da sabon karatu.

A ƙofar gidan Sidi Sirhan na tarar da raƙumi biyu a gurfane, ana ɗaura musu sirdi da gaggawa. A bakin zaure ga takalman Hashimu, ɗaya a kife.

Na zaga ta ƙofar mata. Uwargidan tana kan kujera ana yi mata fifita.

"Ya Hajja, yau kin makara. Ga alkama can tun safe."

Ban kalle ta ba. Na wuce bayan turmi na ɗauki taɓaryata. Maimakon in tsaya inda na saba tsayawa, sai na bi dogon soron nan da ba macen da ke bi, bare baƙar mai daka. Ina jin ana kirana a baya. Ina jin muryar Hashimu a gaba, yana Larabci da sauri kamar mai zazzaɓi.

Na sa kan taɓarya na tura ƙofar majalisin maza. Suna zaune su huɗu, finjalin gahawa a hannun maigidan bai kai baki ba.

Na yaye mayafin daga fuskata.

"Ni ce uwarsa. Ina Mukhtaru?"